Zagaye na Huɗu na Kyandir

Mai girma shugaban majalisar gudanarwa ta jami'a, Dakta Harlan Voss. 'Yan majalisa masu daraja. Malamai, iyaye da ɗalibai. Ƙannena na gidan titin Sycamore da kuka cika kujerun baya. Jama'a, barkanmu da rana.

Sunana Marlene Tibbets. Na gode da ɗan lokacin da aka ba ni, ko da yake wanda ya zana wurin ajiye motoci ya sami fiye da haka. Yau za ku jefa ƙuri'a a kan rufe gidan ƙungiyarmu ta ɗalibai mata, a rushe shi, a shimfiɗa kwalta don ajiye motoci. A gidan nan na zauna shekara talatin da suka wuce, saboda haka ku yi haƙuri idan muryata ta yi sama.

Abu na farko, rahoton kwamitinku. Na karanta shi tsaf, kuma na jinjina wa marubucinsa, domin ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya cika shafuka a kan gidan da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Ya ce mu 'yan kwalliya ne, 'yan biki, masu farautar miji. Tsohuwar waƙa ce. Ina aji ɗaya wani farfesa ya dubi alamar ƙungiya a ƙirjina ya ce, "'Yan mata, digiri kika zo nema ko zoben aure?" Aji ya fashe da dariya. Ya rasu tuni, Allah ya ji ƙansa, amma na ga ya bar magada.

Abu na biyu, shaidarku: bidiyon da wani ya ɗauka ta taga, na yara a da'ira suna miƙa kyandir suna ihun "Zobe! Zobe!" Bari in gaya muku abin da kuka kalla. A gidanmu, duk mai labari takan ajiye kyandir a teburin cin abinci a ɓoye. Bayan abincin Litinin sai a kunna shi, ana miƙawa hannu zuwa hannu ana waƙa, har mai labarin ta hure shi. Idan a zagaye na farko ta hure, ta sami aiki. Na biyu, ta yi saurayi. Na uku, baiko. A na uku bidiyonku ya yanke, domin mai leƙe ya sami abin da ya zo nema.

Amma ranar ba wadda ta hure a na uku. Akwai zagaye na huɗu, kuma a na huɗu waƙa takan tsaya, domin ma'anarsa wata tana cikin masifa. Corinne Dupree ce ta hure, ga ta can, ita ta ba ni izinin faɗa. Ta ce, "Ƙodata ta daina aiki. Gobe zan tattara kayana in koma gida."

Kowace sabuwar shiga mukan ba ta yaya daga cikin manyan ɗaliban gidan. Yayar Corinne, Tamsin, ta ce, "Wane gida? Ke dalla zauna. Motata ta girmi kakarki, amma ta san hanyar asibiti."

Corinne ta ce, "Yaya, wankin ƙoda fa, sau uku a mako."

Tamsin ta ce, "To, 'yar lissafi, ƙirga mana mu nawa ne a ɗakin nan."

Tun daga ranar ba ta taɓa zuwa asibiti ita kaɗai ba. Wata ta tuƙa, wata ta zauna da ita, wata ta rubuto mata darasi. Gida duka ya koma cin miya ba gishiri, suna ci suna zagin mai girki. Saura shekara guda Corinne ta gama. Idan kun watsa yaran nan a ɗakunan kwanan jami'a, wa zai tuƙa? Kwamitin?

Abu na uku. Ban ce kowane gida irin namu tsarkakakke ba ne. Wanda ya yi laifi a hukunta shi. Amma bara da 'yan ƙwallo suka farfasa gidan cin abinci, ban ji an kira mai rusau ya auna filin wasa ba. Su an ce ƙuruciya ce. Mu, da kyandir ɗaya, an ce halinmu ne.

Ga kyandir ɗin a hannuna. Kada mai gadi ya tashi, na san dokar wuta, yanzu zan kashe. Mun rubuto muku, shiru. Mun gayyace ku cin abinci, ba wanda ya zo. Mun roƙi ganawa, aka ce ba lokaci. Zagaye uku ke nan. Wannan na huɗu ne, kuma a madadin gidan na hure shi.

Dokarmu ita ce, bayan na huɗu ba mai barin ɗaki sai ta faɗi nauyin da za ta ɗauka don taimakon mai hurewa. 'Yan kwalliyar nan ba su taɓa karya ta ba. Saura mu ga abin da ku masu digiri uku-uku za ku yi.

Allah ya ba Corinne lafiya, ya kare yaranmu, ya sa 'ya'yanku mata su sami mai cewa "dalla zauna" ranar da suka hure nasu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, mu ma ya bar mana namu.

Na gode.