Sori, Mama

A bencin asibiti wata dattijuwa tana share hawaye da bakin mayafi, da leda a cinyarta. Mutumin da ke gefenta ya ce, "Sori, Mama," ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba.

"Ɗan nan, wai mene ne sorin nan? Tun safe ake jefo min shi. Nas ta ce sori, mai shara ma sori."

"Turanci ne, Mama. Wato raina ya ɓaci saboda abin da ya same ki."

"Allah sarki, ashe magana ce babba. To me ya same ni?"

"Ai... na ga kina kuka ne."

"Da wane idon? Ni ban ga ka dube ni ba."

"Baki ne kawai ya saba, Mama."

"To ba komai, ci gaba da aikinka."

Ya kife wayar, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi na ji kunya. Me ya faru?"

"Takalman maigidana ne a ledar nan. Da ƙafarsa ya shigo jiya, yau su kaɗai aka miƙo min. Kai ne ka fara tambayata."