Kabari Biyu, Takarda Ɗaya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Yabo ya tabbata ga Allah da ya kai ni Urushalima, ya kuma maido ni Zongo lafiya.

Kun san ni. Na tashi a zauren karatu, inda ba a karɓar zance sai an san wanda ya faɗa da wanda ya ji. Da na bi Almasihu ban bar wannan hali ba. Har ina alfahari da shi, Allah ya gafarta mini.

Kafin tafiyata, 'yar'uwarmu Saratu mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Saint-Michel ta zo gidana. Jandarma sun kama ɗanta Dauda tare da wasu ɗalibai, wata bakwai babu labari. Ba ta iya rubutu ba, ni na rubuta mata roƙonta ga Ubangiji a takarda da ajami. Ta ce, "Malam, ka ajiye ta daidai inda aka kwantar da Shi. Daidai wurin fa!" Na yi alkawari.

Ni da abokan tafiyata mun sha wahalar takardun izini, sai ta wata ƙasa muka bi. Da muka isa, aka kai mu wata tsohuwar majami'a mai duhu da ƙamshin turare, aka ce ga kabarin. Na sa hannu a aljihu zan ciro takardar, cunkoso ya tura ni waje. Na ce gobe na dawo.

Kashegari jagoranmu ya kai mu wani lambu bayan ganuwa, ya nuna kogo a jikin dutse, ya ce, "Ga kabarin."

Jama'a! Na ce, "Ɗana, na jiya fa?" Ya ce, "Baba, wasu na cewa can, wasu na cewa nan." Na ce, "Wa ya gani? Daga wa aka ji?" Ya yi murmushi, ya duba agogonsa.

Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin wuraren biyu da takarda a aljihu. Na ƙirga taku daga ganuwa, na auna da ayoyin da na haddace, ban fita da komai ba. Zuciyata ta fara raya mini: in ba a san kabarin ba, me kuma aka sani? Shekara talatin ina wa'azi, ranar nan na kasa yin addu'a.

A rana ta ƙarshe na zauna a bakin hanya, kusa da mai sayar da burodi. Na buɗe takardar na karanta da ƙarfi, ina kuka. Na ce, "Ya Ubangiji, ban san inda aka sa Ka ba. Ga maganar Saratu." Nauyin ƙirjina ya sauka. Yadda aka yi, har yau ban gane ba.

Na dawo da takardar. Mako biyu ina kauce wa layin masu kifi don kunya, sannan na je na faɗa mata duka.

Ta kore ƙuda daga tirenta. Ta ce, "Malam, a cikin biyun, akwai wanda ka tarar da Shi a ciki?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "To da wa za ka ba? Duk karatun nan naka! Kawo abata."

Dauda bai fito ba tukuna. Amma ran Talata wani direba ya kawo saƙo daga arewa cewa yaron yana da rai, yana roƙon sabulu da bargo. Ko karatuna na bakin hanya ne, ko hawayen uwarsa, ban sani ba, kuma na daina neman sani.

Na gode wa Allah da ya cece ni daga shakka ba tare da ya amsa tambayata ba. Ku dogara gare Shi, 'yan'uwa. Wanda yake da bargo na ƙari, ya kai wa Saratu kafin direban ya koma. Ubangiji ya albarkace ku da gidajenku. Amin.