Takarda Ɗaya a Adakar Malam Kailani

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Modibbo Junaidu, wan marigayi, uban wannan gida. Malam Labaran na ofishin buga littattafai. Inna Zinariya, mai ɗakin marigayi, da kike jina daga bayan zana, da dukan jama'ar Tudun Wada, sannunmu da haƙuri.

Ni ne Muntaka maɗinki. Karatuna izu biyar ne, bokon ma a wurin marigayi na tsinta. Ban cancanci tsayawa gabanku ba, sai dai wata bakwai ɗin nan na ƙarshe ni ne idonsa, kuma akwai maganar da ta hana ni zama.

Marigayi Malam Kailani ya kasance mai gyaran rubutu a ofishin buga littattafai. Duk takardar da za ta shiga inji sai ta bi ta hannunsa. Ya kasance in ka kawo masa labari ba ya cewa ƙarya ne, sai ya ce, "Wa ya gaya maka? Shi wa ya gaya masa?" Mun sha wannan tambaya har ta ishe mu. Ya kasance yana raba mu faɗa da ita a bakin kasuwa, don kafin a lalubo wanda ya fara faɗa, fushin ya huce.

Kun san ofishinsu na haɗa babban littafi na bayanin abubuwa don 'yan makaranta: jirgin ƙasa, auduga, taurari. Aka sa shafi guda kan majigin da aka nuna mana bara, wanda muke kira Ɓarawon Damina. Ku tuna: dodo ya kulle ruwan sama cikin tulu, wani saurayi da abokinsa suka hau ƙaton tsuntsu suka bi shi. Shafin ya ce saurayin ya bar abokinsa cikin rami ya koma gida cin biki. Haka dukanmu muka gani, har yara na yi wa juna ba'a da sunansa.

Wata rana Malam ya kawo mini riga in kama masa wuya, yana karanta shafin a bakin rumfata. Na ce, "Malam, akwai abin da ya dame ni. Tsuntsun nan ya yage wa saurayin hannun riga tun daga kafaɗa. Amma wurin bikin hannun lafiya lau, ba faci, ba ɗinki."

Ya ce, "Ko ya sake riga?"

Na ce, "Ita ce. Aljihunta a karkace yake, ko almajirin ɗinki ba zai yi biyu haka ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai, gari na kallon dodo, kai kana kallon aljihu!" Sa'an nan ya ce, "Shaida ɗaya ke nan. Saura ɗaya."

Wata biyar muka jira motar majigi ta dawo. Da ta sauka a Kwangila muka taka da ƙafa, yana tari, yana hutawa a gindin kowace bishiya. Sabo mai majigi ya ce, "Malam, da furfurarka?" Malam ya ce, "Furfurar ce ta aiko ni. Buɗe gwangwanayen." Faifai huɗu ne. Aka ɗaga su a rana, sai ga shi an musanya murfin na biyu da na huɗu. Ashe bikin na sallama ne, kafin tafiya. Ƙarshen gaskiya shi ne saurayin ya koma ramin ya ciro abokinsa, da yagaggiyar rigarsa.

Na san abin da aka yi ta faɗa. An ce ɗan gidan malamai ya ƙare a bin inuwar majigi. Na gaya masa. Ya ce, "Muntaka, ƙazafi ƙazafi ne ko a kan inuwa. Yaro dubu za su karanta cewa mai cin amana ne aka yi wa biki."

Ya rubuta gyaran da hannunsa ranar Laraba. Alhamis ya kwanta. Yau kwana bakwai da muka kai shi.

Modibbo, ga abin da ya hana ni zama. Takardar tana cikin adakarsa, adakar kuwa a kulle sai an raba gado, kuma daidai ne. Amma Malam Labaran ya ce jibi Litinin shafin zai shiga inji, Baturen ofishin ba zai karɓi gyara daga bakin maɗinki ba. In ya shiga a yadda yake, a ƙasansa za a buga: Malam Kailani ya duba. Mutumin da shekara ashirin bai bar wasali ɗaya ya wuce a karkace ba!

Ba littattafansa nake roƙo ba. Takarda ɗaya ce, mai jan tawada. Inna Zinariya, kin san ta, ke kika riƙe masa kwalbar tawadar. Liman, ka gaya mana, magada ba sa iya yafe takarda ɗaya?

A nan na tsaya ran nan, sai na ƙara wa masu karanta wannan abin da ya biyo. Modibbo ya ce, "Wa ya gaya maka tana cikin adakar?" Na ce, "Inna." Ya ce, "Ita wa ya gaya mata?" Daga bayan zana Inna ta ce, "Ni na saka ta, Yaya." Modibbo ya sunkuyar da kai, ya ce, "Shaida biyu ke nan." Ya kwance mabuɗi daga bakin rawaninsa ya miƙa wa Liman.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Kailani, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Yadda ya tsare mutuncin wanda ma ba shi da rai, Allah ya tsare nasa ranar da za a buɗe littafin kowa. Amin.