Bangon Falon Hajiya

A shagon fenti, wani mai fenti ya tsaya yana jujjuya katin kala biyu. Tunda ’yarsa ta tafi makarantar kwana ya rasa mai zaɓar masa, kuma ba wanda ya san idonsa ba ya rarrabe kala. Ya matsa kusa da wata mata mai jiran a sallame ta.

"Hajiya, don Allah wanne ne ruwan ƙasa? Na manta tabarauna."

"Wannan mana. Ɗayan ai ruwan hanta ne, ya fi ja."

"Haka ne, haka ne."

"Gara kai da kake tambaya! Na yi tafiya, maigidana ya kwaso wani ya shafa mana falo. Na dawo na tarar rabin bango ƙasa, rabi hanta, ga surukaina na tafe jibi." Ta miƙa masa wayarta. "Dubi abin kunya."

A hoton ya gane tagar, ya gane kujerun da ya ja gefe da hannunsa. Ya ƙura ido, kala ɗaya tak yake gani.

"Lallai ya ɓata," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na ga fenti a rigarka. Ba ni lambarka ka zo ka gyara min."

Ya mayar mata da wayar, ya karanto lambar. Ta danna, sai ta ɗago.

"Ikon Allah! Ai lambar da maigidan ya turo min ce, in wanke mai ita tas."

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ki zaɓi gwangwanin da kanki. Shafawa dai na iya."