Fulawar da Ta Riƙe Gida

A tashar Batsari, Ramlat na jiran motar Safana, rungume da dashen fulawa a gwangwani. Wani dattijo ya leƙa.

"'Yata, ki yar da wannan. Ba ta neman ruwa, amma in ta kama sai ta cinye tsakar gida."

"Na sani, Baba. Da muka gudo daga Ruma, lemo da gwaiba duk bushewa suka yi. Jiya na leƙa gidanmu, ita kaɗai na tarar. Ta haye katanga har ɗakin Inna, jawur da fure, kamar ana biki."

"A gidan haya za ki dasa ta?"

"Har mu koma."

Dattijon ya miƙo hannu.

"Karyo mini reshe ɗaya. Nawa gidan ma ba kowa."