Waƙar Katun Ta Hana Baba Cin Tuwona

Salama gare ka mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Ni ce Rifkatu, daga wajen Tudun Wada.

Mu Kirista ne. Maigidana ya sa wa yara wani fim ɗin katun mai waƙe-waƙe a waya, muka ƙyale su tunda babu batsa. Ranar Lahadi bayan sujada, surukina na cin tuwo, sai 'yata Ladi ta kama rera waƙar. Ya tambaye ta me waƙar ke faɗi. Ta ce, "Kaka, wata yarinya ce ke kiran ruhohin kakanninta su nuna mata hanya."

Baba ya tsame hannu daga kwano. Shi ne fa ya ƙone kayan tsafin gidansu lokacin da ya karɓi Almasihu. Ya ce, "Abin da na fitar da hannuna, shi kuka dawo mini da shi cikin waya?"

Maigidana ya ce ai tatsuniya ce. Tun ranar Baba bai sake taɓa abincina ba, ga shi yana shan magani.

Jama'a, ku ba ni shawara. Mun goge fim ɗin daga waya, amma ta yaya zan goge waƙar daga bakin Ladi?