Hoton da ke shafi na uku

"To, Baba, ka gane?" in ji wani saurayi a ɗakin jiran likitan ido. Ya ba dattijon da ke gefensa bayanin da ya rubuta kan manhajar da ke hana ƙirƙirarriyar basira goge kayan waya da garaje.

"Ido na kawo gyara, ka haɗa ni da karatu. Ka ce sai ta tambaya kafin ta goge abu mai muhimmanci. Wa ke gaya mata muhimmancin?"

"Yana shafi na uku. Hoto mai dishi-dishi tarkace ne, ba sai ta tambaya ba."

"Shekara talatin na yi ina ajiyar fayil, ɗana. A zamaninmu ko takardar da ɓera ya ci, sai mutum biyu sun sa hannu kafin a ƙona." Dattijon ya miƙa masa wayarsa, da wani hoto a buɗe. "Duba."

"Haske kawai na gani, da gefen mayafi."

"Mai ɗakina ce. Ina cikin ɗauka ta ba ni dariya, hannuna ya girgiza. Tun da ta rasu, hoton nan kaɗai ya rage mini da take dariya a ciki."

Saurayin ya daɗe yana kallo.

"Allah ya jiƙanta. Ara mini biro, Baba. Shafi na uku ba zai fita haka ba."